Inda Kulocin Baba Yake Kamawa

Mahaifina bai taɓa hana kowa aron mota ba. Ka zaga Shango ka tambaya, za a ba ka wannan shaidar. Mutum zai yi sallama da safe, a gaisa, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, sannan ya sunkuyar da kai ya ce ai matarsa ce za ta je suna Chanchaga, ko kuma za a kai amarya Zungeru motoci sun yi kaɗan. Kafin ya rufe baki Baba ya tare shi: "Haba, wannan har sai ka tambaya? Ai motarka ce. Zauna ka sha ruwa, bari in duba mata mai." Sai ya zura hannu a aljihu ya nufi gindin mangwaron ƙofar gida inda motar take kwana.

To, ba mai yake dubawa ba. 'Yar sifana ce ta kwance noti a aljihun nan.

Bari in yi wa wanda bai taɓa tuƙa mota mai giyar hannu ba bayani, don 'ya'yan yanzu ƙafarsu ta hagu hutu take yi. Kuloci shi ne abin da ake takawa da ƙafar hagu. Ka danna shi ƙasa, injin ya saki tayoyi, ka sa giya. Ka ɗago ƙafar a hankali, akwai wani wuri da injin zai sake kama tayoyin, motar ta fara tafiya. A yawancin motoci wurin nan a tsakiya yake. Amma can ƙarƙashin sitiyari, inda sai ka kwanta rigingine kake gani, akwai wata siririyar sanda mai zare, da noti ɗaya da ke kulle ta. Ka sassauta notin ka murza sandar ta gajarce, kulocin ya koma kamawa a ƙasa, dab da dabe. Ka murza ta ta yi tsawo, ya koma kamawa a sama. Baba ya yi rayuwarsa yana tuƙa motocin ma'aikata har ya yi ritaya, don haka ko da ido a rufe yana iya laluben sandar nan.

Idan mai aron irin mutanen nan ne da ke loda mutum goma a mota su dawo da ita da ɓawon gyaɗa da warin man shanu, sai Baba ya sauke kulocin har ƙasa. Ya fito yana karkaɗe riga ya miƙa mabuɗi da hannu biyu. Mai aro ya shiga, ya gyara madubi, ya gyara zaman hula, mata sun cika baya da gwaggwaro da turare. Ya sa giya da ƙyar, tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Yana ɗan motsa ƙafarsa, motar ta yi tsalle ɗaya irin na akuya, ta mutu. Ya sake tayarwa, ta sake zabura, gwaggwaro ya daki rufi. Baba kuwa yana tsaye hannu a baya, fuskar nan cike da jimami, yana cewa, "Ikon Allah! Jiya fa lafiyarta ƙalau." Wanda ya iya haƙuri zai gano inda take kamawa, amma wa yake da haƙuri alhali yaran unguwa sun taru suna kallo, matarsa kuma tana cewa daga baya, "Wai kai dama ba ka iya ba ne?" Kunya ce take ƙarasa aikin. A dawo wa Baba da mabuɗi har da ba shi shawara ya kai ta wurin bakanike, shi kuma ya yi ta ba da haƙuri.

Ni na san sirrin tun ina budurwa, lokacin da yake koya mini tuƙi a filin makarantar firamare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ba ya ɓoye mini komai. Ranar da ya nuna mini sandar na ce, "Baba, wannan ai mugunta ce!" Ya ce, "Wace mugunta? Na hana wani? Ni ba zan iya kallon idon maƙwabcina in ce masa a'a ba. Motar ce ba ta da kunya." Na yi dariya har da riƙe ciki, kuma wallahi ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Inna.

Mutum ɗaya ne yake samun motar yadda take, wato Ticha, maƙwabcinmu na jikin katanga, tsohon malamin firamare. Duk Kirsimeti shi yake kai iyalinsa ƙauyensu da ita, ya dawo da ita a wanke, but ɗinta na baya cike da doya. Ina zaton ya daɗe da ganewa, don duk ranar da wani ya zo aro sai ka gan shi ya fito da kujerarsa ƙofar gida ya zauna, rediyo a cinya amma a kashe.

Sai shekaru suka yi halinsu. Na yi aure nan cikin Shango, na kama aiki a jami'ar da ke Gidan Kwano, kullum ina bin bas. Baba kuma gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo, ita dai ƙafar kulocin. Ya koma yin salla a kan kujera, ya koma jan ƙafar in yana tafiya, amma tuƙi ko fashi ba ya yi. Yana da 'yar gona a hanyar Bida, gaba da jami'a, kuma in bai je ya tsaya a kan kunyar doyarsa ya yi faɗa da masu noma ba, ranar ba ta cika masa ba. Ita motar ita ce ƙafarsa. Wani lokaci in ya dawo nakan ji tana wani wari kamar an bar tukunya a wuta ta ƙone, in na yi magana ya ce hancina ne.

Inna ce ta fara kai ƙara. Wai Baba ya goge ƙofar gida da gefen motar. Ta mace masa a tsakiyar shataletalen Kpakungu, 'yan acaba suka yi masa caa. Wata rana ma ta tarar da shi kwance ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, ya kasa tashi, sai da ta kira Ticha suka jawo shi. Ya ce carbinsa ne ya faɗi. Duk wannan ta kwashe ta zuba wa Yaya a waya.

Yaya shi ne babbanmu, yana aiki a Abuja. Mutumin kirki ne, ina son shi, amma tun muna yara in ya yanke magana gani yake an gama. Ya kira ni ya ce, "Dole a karɓe motar nan daga hannun Baba." Na ce, "To, zo ka karɓa mana, ai ka san hanyar gidan." Ya ce in daina yi masa rashin kunya. Na ce ba rashin kunya ba ce, kwatance ne.

Shi ma dai ɗan gidan ne, ya san ba zai iya tsayawa gaban mahaifinsa ya ce "ba ni mabuɗi, ka tsufa" ba. Sai ya ɓullo ta inda ya san Baba ba shi da mafita. Wata Asabar a tsakiyar zafin bazara, lokacin da mangwaro ke faɗowa da kansa, ya sauka a tasha da 'yar jakarsa, wai tasa motar tana gareji. Aka ci abinci, aka yi hira, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ko za ka ara mini motar in koma da ita? Kwana biyu kawai, kafin a gama gyara tawa."

Ina zaune ina yanka albasa, ina jin su. Kowa a tsakar gidan nan ya san irin wannan aron. In motar ta haye hanyar Suleja, ta tafi ke nan; yau a ce ana yi mata fenti, gobe a ce ana jiran kaya, har Baba ya gaji ya daina tambaya, ya zama tsohon da ke zaune a tabarma yana jiran wanda zai taimaka ya kai shi gonarsa. Baba ba ya kiran sunan Yaya, kunyar ɗan fari, don haka ya kalli ƙasa ya ce, "Haba Malam, har sai ka tambaya? Ai motarka ce. Je ka watsa ruwa ka huta, bari a duba mata mai."

A duba, ya ce. Bai ce in duba ba.

Yaya na shiga wanka Baba ya ɗaga mini gira. Na ajiye wuƙa na bi shi waje. A gindin mangwaro ya danƙa mini sifanar, ta yi santsi saboda daɗewa a hannu. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Uwata, bayana ba zai lanƙwasu ba. Sauke shi har ƙasa." Ni kuwa me zan yi in ba murna ba? Shekara da shekaru Yaya yana yi mini iko. Na ɗaure mayafi a ƙugu, na tura kujera baya, na kwanta rigingine, kai a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, matar aure guda. Ticha ya leƙo ta kan katanga, sai na ji ƙarar kujerarsa yana jawowa.

Na haska da fitilar waya na laluba notin. Nan dariyata ta ƙare. Na san sandar nan, na san inda notin yake zama, a tsakiyar zare. Yanzu kuwa an murzo ta, an murzo ta, har zaren ya kusa ƙarewa. Abin da ya rage yana riƙe da ita bai kai faɗin farce ba. Tsohon zaren ya yi baƙi, sabon da aka bi ta kansa yana ta ƙyalli. Ashe duk lokacin da gwiwar ta ƙara ƙin lanƙwasuwa, sai Baba ya kwanta nan shi kaɗai ya ƙara ɗaga kulocin sama, don ya riƙa taɓa shi da ɗan yatsan ƙafa maimakon dannawa. Carbin da ya faɗi ke nan. Warin ƙunar da nake ji kuwa kulocin ne yake cin kansa, don ba ya kamawa sosai. Kuma yanzu babu sauran inda za a murza.

Tausayinsa ya kama ni, haushi ma ya kama ni, ban san wanne ya fi ba. Daga sama na ji yana cewa, "Kin samu?" Na ce, "Na samu." Na sassauta notin, na mayar da sandar ciki, na yi ta murzawa har na tabbata sai dab da dabe zai kama, na ɗaure. Zancen zare daban, amma Yaya kam ba zai tafi da motar nan yau ba.

Ya fito fes da shi, farar shadda, turare yana tashi. Ya durƙusa ya karɓi mabuɗi, Inna ta sa masa albarka tana share ido. Ya shiga ya gyara madubi. Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙa mota mai canja giya da kanta, ƙafarsa ta hagu ta manta ma tana da aiki. Ya sa giya, ta yi ƙara har kaji suka watse. Ya ɗan ɗago ƙafa. Wayyo Allah! Motar ta zabura, hularsa ta faɗo kan hanci, ta mutu mus. Ya sake, ta sake. Ya ba ta wuta da yawa, ta yi kukan kura ta nufi kwata, ya taka birki, mangwaro ɗaya ya faɗo tim a kan rufi. Yara suka taru. Mai shagon kusa da mu ya bar masu saye ya fito.

Baba ya sa hannu a baya ya ce, "Ikon Allah! Jiya fa lafiyarta ƙalau."

Ticha daga kan kujerarsa ya ce wa Yaya da irin Hausarsa, "Motar nan shi ya san mai shi. Ka bar shi, Alhaji." Ni kuwa na cusa gefen mayafi a baki, kafaɗuna suna rawa, hawaye yana zuba, ina ta cewa albasa ce.

Yaya ya fito ya jiƙe sharkaf, shaddar ta manne a baya. Ya mayar wa Baba mabuɗi ya ce ba komai, zai bi motar haya. Amma da na raka shi bakin titi, sai ya kalli gwiwar hannuna inda baƙin mai ya shafa.

"Ke ce ko?"

Na ce, "Ni? Ni da ban san komai ba sai yankan albasa?"

Na zaci zai hau ni da faɗa, na ma shirya masa amsa. Bai yi ba. Muryarsa ta yi sanyi ya ce, "Kina gani kamar ba na son shi ne? Ranar da ƙafar nan ta ƙi masa a gaban 'yan makaranta, ke za ki je gidan mutane ta'aziyya?" Na tuna zaren nan mai faɗin farce. Ya tare keke mai ƙafa uku ya shiga, ya ce in kula da su.

Da na dawo yara sun watse, Ticha ya shiga gida. Baba yana jingine da motar, yana ɓare mangwaron da ya faɗo a rufinta, fuskarsa fal nishaɗi. Ya ce, "Kin ga hular?" Muka sake fashewa da dariya. Sannan na ɗauko sifanar na ce bari in mayar masa da shi inda yake. Na durƙusa a bakin ƙofar motar, sai na kasa shiga. Na ce, "Baba, zaren ya ƙare."

Ya ci gaba da ɓare mangwaronsa. Ya ce, "Na sani. Ai ni na murza shi."

"To yanzu ina zan mayar da shi?"

Ya jefar da ɓawon ya goge hannu. Ya ce, "Murzo shi kaɗan, ki fito ki zauna ki gwada." Na murza, na fito, na tayar da ita na ɗago ƙafa. Ya ce, "A ina ya kama?" Na ce har yanzu ƙasa. Ya ce in ƙara. Haka muka yi ta yi, ina shiga ina fita, zufa tana shiga mini ido, shi yana tsaye ya karkata kunne yana sauraren injin, har aka zo inda na ɗago ƙafa motar ta tashi sumul, ba tsalle ba gardama. Ya ce, "Yauwa. Ɗaure notin nan da kyau."

Na ce, "Baba, nan tsakiya ne fa. Gwiwarka ba za ta iya danna shi ba."

Ya ce, "Wa ya ce miki ƙafata ake aunawa?"

Kafin in gane me yake nufi, ya dafa bonet ya zaga a hankali, yana jan ƙafar, ya buɗe ɗaya ƙofar. Tun da na yi wayo, in ban da lokacin koya mini tuƙi, ban taɓa ganinsa a wannan kujerar ba. Ya zauna, ya ɗago gwiwar da hannu biyu ya shigar da ita, ya ja ƙofa. Ya ce, "Me kike kallo? Rana tana yi. Mu je gona."

Na ja mota. Hanyar nan duk bai bar ni na huta ba: na saki da wuri, na matse wa mai tirela, wa ya koya mini irin wannan tuƙin. Na ce, "Wani tsoho ne a Shango." Ya ce tsohon bai iya koyarwa ba. A cunkoson Kpakungu muna tafiya muna tsayawa, na saci kallon ƙasa, sai na ga ƙafarsa ta hagu tana ɗan dannawa tana ɗagowa a kan dabe, inda babu komai. Na mayar da ido kan titi da sauri, amma hawayen ya riga ya zo, kuma babu albasar da zan laƙa wa.

Da muka wuce Gidan Kwano muka sauka kan hanyar gona, na tsaya a inuwa na miƙa masa mabuɗi da sifanar. Ya ture hannuna. Ya ce, "Mabuɗi na kowa ne, duk wanda ya tambaya ki ba shi da hannu biyu. Sifanar ce za ki ɓoye." Ya buɗe ƙofa ya sauke ƙafar, sannan ya juyo ya nuna ni da yatsa. "Kuma ki gaya wa yayanki ba shi ya karɓa ba, ba kuma kyauta na yi ba. Aro na ba ki. Ranar da gwiwata ta warke zan karɓi abata."

Na ce, "To, Baba."

Daga ranar duk Asabar ni nake kai shi gona, wani lokaci har da yammacin ranar aiki in na taso da wuri, yana gefe yana gyara mini tuƙi. Gwiwar ba ta warke ba, har Allah ya karɓi abinsa. Motar tana ƙofar gidana, kulocinta yana kamawa a tsakiya, sai dai in wani mai ɓawon gyaɗa ya yi sallama. Da aka zo rabon gado Yaya da kansa ya ce a bar mini ita, ai tawa ce. Na ce masa a'a, ba tawa ba ce, aro ce, mai ita bai zo ya karɓa ba tukuna.